Kujerar Wanda Ba Ya Nan

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, da mu da wanda muka yarda da shi da wanda ba mu yarda da shi ba. Surukina ya rasu. Mahaifin matata, kakan 'ya'yana uku, tsohon antoni janar na wata jiha a kudancin ƙasar Amurka, wanda ya ƙare aikinsa a kan kujerar alƙali. Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗe shi yana raye ba, ba kuwa yau zan fara ba.

Uwargida ta je aka yi jana'iza da ita, ta dawo Doha ranar Laraba, ido a bushe, ko ɗigon hawaye babu. Shekara goma sha shida ke nan da aurenmu, kuma duk Bahaushen da aka yi wa rasuwa a garin nan, daga likita har direba, ya ga matar nan a ƙofarsa da kular abinci a hannu. Ita ce mai zama da matan har la'asar, ita ce mai wanke kofuna. Muna kan hanya daga filin jirgi sai ta ce, "Baban yara, kullum ni ce mai cewa ya haƙuri. Amsar na sha jin ta, amma ban taɓa faɗa da bakina ba. Saurara ka ji ko daidai ne." Ta gyara murya ta ce, "Haƙuri mun gode Allah." Na ce daidai ne. Ta maimaita sau uku kafin mu iso unguwarmu ta Ain Khaled.

Na rubuta a guruf ɗinmu na 'yan Arewa cewa za mu zauna karɓar gaisuwa kwana uku. Guruf ɗin da in kakar wani ta rasu a ƙauye sai wayarka ta yi zafi don saƙonni. Ran nan shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa. Can wani ya rubuto, "Injiniya, Musulmi ne?" Na ce a'a. Sai Kawu ya saka layi ɗaya: "A bi a hankali." Kawu ƙanin mahaifiyata ne, malamin jami'a, shi ya karɓa mini aure, kuma shi ne babbanmu a nan, in ya zauna kowa ya zauna. Khalas, magana ta ƙare. Na shimfiɗa darduma, na jera kujeru, na cika faranti da dabino, na dafa karak, shayin madara na garin nan, tukunya guda. Ranar farko maƙwabcinmu ɗan Indiya ya zo, da wani abokin aikina ɗan Sudan. Bahaushe ko ɗaya.

To bari in yi magana, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni ma na yi karatun allo, na zauna a zaure, na san abin da aka hana. Ban ce kowa ya ɗaga hannu ya nema masa gafara ba. Wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, kuma ban ji an naɗa wani a cikinmu alƙalin lahira ba. Gaisuwa ta mai rai ce. Akwai Musulma a cikin gidan nan, mai salla, mai azumi, ubanta ya mutu, tana zaune a falo da hijabi tana jiran a ce mata ya haƙuri. Wannan kaɗai na roƙa, aka hana ta. Tunda kun ƙi zuwa ku ji ko wane ne, ni zan kawo muku shi har cikin wayoyinku.

Da rigima muka fara, ni da shi. Karatun digiri na biyu ya kai ni Amurka, a can na haɗu da 'yarsa, ta riga ta musulunta tun kafin ta san da ni a duniya. Ranar da zan je gaishe shi na buga wa Kawu waya, ya ce, "Ka ji kunyar surukinka yadda aka koya maka, kada ka je ka zubar mana da mutunci." Na kuwa riƙe. Tun daga bakin ƙofa na cire takalmi. Tsoho ya fito, dogo, baƙi, da furfura fes, ya miƙo hannu. Ni kuwa sai na tsugunna. Ya sunkuyo yana duba ƙasa, ya ɗauka wani abu na yar.

Aka kawo abinci, an sha wahala an nemo naman halal saboda ni. Ina zan iya tauna a gaban suruki? Ruwa kawai na kurɓa. Ya yi ta jero tambayoyi, aikin me nake, su wane ne iyayena, ina zan ajiye masa 'ya, ina amsawa ina kallon kafet. Ya ce, "Kira ni da sunana, saurayi." Na ce, "A'a, Baba." Ya ajiye cokali, ya juya wajen 'yarsa, a gabana fa, ya ce, "Na tsufa ina kallon masu laifi. Mutumin da ba zai kalle ni ba, ba zai ci abincina ba, ba zai faɗi sunana ba, akwai abin da yake ɓoyewa. Bincika, wataƙila yana da mata a ƙasarsu."

Kai! Wallahi ran nan na ji zafi. Na ɗauko ladabi mafi tsada da uwata ta koya mini na shimfiɗa wa mutum, ya ce munafunci ne. 'Yarsa ta yi ƙoƙarin yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce ya gama magana. Bai zo ɗaurin aure ba. Shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba, ni ma na hau dokin zuciya na ce oho, can ta matse masa. Ba zan wanke shi ba don ya mutu: mutum ne mai taurin kai, harshensa kaifi gare shi, kuma in ya fara jawabi sai shayi ya huce.

Bayan an haifi 'yarmu ta fari, sai ga shi a Doha ba sanarwa, tsakiyar zafi, cikin kwat da laƙtaye, gumi sharkaf. Kawu yana gidan ya zo ganin jaririya. Tsoho bai ko zauna ba. Ya jawo kujera daga teburin cin abinci, ya dasa ta a tsakiyar falo, ya nuna mini ita. Ya ce, "Na yanke hukunci ban saurari wanda ake tuhuma ba. Wannan laifi ne a aikina. Zauna ka faɗi naka."

Na kasa. Yaya zan hau kujera suruki yana tsaye? Kawu ne ya karɓe zancen da Turancinsa na jami'a. Ya ce masa a wajenmu suruki ba abokin wasa ba ne, ba a haɗa ido da shi, ba a cin abinci a gabansa, ba a kama sunansa, kuma iyakar kunyar da yaro ya ji iyakar girman da ya ba ka. Na zaci tsoho dariya zai yi, sai na ga ya cire tabarau yana goge ido. Ya ce, "Sau biyu ke nan." Ba mu gane ba, bai kuma ƙara ba. Ya dai yanke mana sulhu irin na alƙalai: ba zai sake neman in faɗi sunansa ba, ba zai tilasta mini cin abinci tare da shi ba, amma duk lokacin da zan ba shi amsa in ɗago in kalle shi sau ɗaya. A kan haka muka zauna har ya bar duniya.

Ma'anar sau biyun nan sai bayan shekaru na ji ta, a kasuwar Souq Waqif, da yamma, mu uku da Kawu. Don ku sani, duk zuwan da zai yi sai sun zauna shan shayi da Kawu suna musu a kan shari'a, wannan ya kawo ta Malikiyya, wancan ya kawo ta ƙasarsu, ni ina gefe ina zuba musu. Ran nan ya ba mu labari. Yana matashin lauyan gwamnati, an ƙona wani sito, mai gadi ya mutu a ciki. Aka kama wani makanike. Shaida ɗaya ce tak, amma makaniken tun da aka fara shari'a har aka gama kansa yana ƙasa. Surukina ya tsaya gaban masu yanke hukunci ya nuna shi da yatsa ya ce, "Ku dube shi, ya kasa kallonku." Aka yi masa ɗaurin rai da rai. Wannan shari'a ita ta fito da sunansa, ita ta yi masa tsani har mutanen jiha suka zaɓe shi antoni janar, don a can zaɓensa ake yi kamar gwamna.

Yana kan kujerar, saura 'yan watanni a sake zaɓe, sai takarda ta iso teburinsa: mai shaidar nan yana gadon mutuwa ya ce ƙarya ya yi. Ya sa aka tono fayil, ya karanta da kansa, ya ga gaskiya ne. Ashe makaniken tarbiyyar kakarsa ce, ta hore shi kada ya kuskura ya kalli manya a ido, balle hukuma. Mutanensa suka ce ya danne takardar sai bayan zaɓe, wata huɗu ne kawai. Ya ce musu, "Wata huɗun naku ne ko nasa?" Ya saka kwat, ya tafi kotu da ƙafarsa, ya tsaya ya ce shi ne ya yi kuskure, a saki mutumin. Abokan hamayya suka samu nama, ya sha ƙasa a zaɓe. Makaniken kuwa da ya fito, surukina ya miƙa masa hannu a bakin gidan yari, ya ƙi karɓa, ya wuce. Kawu ya ce, "Bai kyauta ba." Tsoho ya ce, "Ya kyauta. Shekara goma sha ɗaya na ci masa, hannuna me zai yi masa?" Duk shekara yana rubuta masa wasiƙa, ba a taɓa ba shi amsa ba.

Daga baya aka naɗa shi alƙali, kuma daga nan kujerar ta samo asali. Kowace safiya kafin a buɗe kotu sai ya je ya zauna a kujerar wanda ake tuhuma na ɗan lokaci, sannan ya hau tasa. A gida kuwa abin har ya zama fitina. Ka kuskura ka fara zancen wani da ba ya nan, ko da mai gyaran famfo ne, sai ka ji ƙiiii, ya jawo kujera ya ajiye a gabanka. "Ga wurinsa. In ya zo ka ci gaba." Gulma ta gagara a gidana duk watan da yake nan. Yara in sun yi faɗa a kan rimot sai ya zaunar da su, kowa ya faɗi nasa, ba katsewa. Ana cikin haka in aka kira salla sai ya buga cokali a tebur ya ce, "Kotu ta tashi. Yalla, ku bi uwarku." Wannan yalla, wato maza, ita kaɗai ya iya a Larabci, ya kuwa more ta.

Wanda kuke tambaya ko Musulmi ne, da azumi ko ruwa ba ya sha a gidana da rana, wai ba zai ci a gaban masu jin yunwa ba. Lokacin da 'yarsa ta musulunta tambaya ɗaya ya yi mata, ko wani ne ya tilasta ta. Ta ce a'a. Washegari ya je ya sayo mata darduma, har yau a kanta take salla. Kilishi kuwa yana ci yana hawaye yana cewa a ƙaro. In muka je kasuwar Abu Hamour sai ya tsaya yana ƙwanƙwasa kankana ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne, har mai kayan ya gaji ya ce, "Khalas, ya hajji, ɗauki wannan."

Akwai mai gadin unguwarmu, magidanci ɗan Gusau, da kamfaninsu ya riƙe masa fasfo, ga mahaifiyarsa ba lafiya a gida. Mu 'yan boko, da ni a ciki, muka ce Allah ya kyauta, muka shige motocinmu masu sanyi. Tsohon nan ya tsaya a rana a bakin get, ya karanta kwantiragin mutumin layi bi layi da gilashin ƙara girman rubutu. Na ce, "Baba, sai mu kai ƙara." Ya ce, "Ka ji ta bakin kafil ɗin, kamfanin da ya ɗauko shi?" Ya sa na kai shi ofishinsu, ya zauna awa uku a kan benci har manajan ya gan shi. Ya saurare shi tsaf, bai katse shi ba, sannan ya buɗe takardar ya nuna masa inda dokar ƙasar nan da kanta ta hana abin da suke yi. Kwana biyu aka kira mai gadi ya karɓi fasfonsa, ya je ya samu mahaifiyarsa da rai.

Wannan mai gadin shi ne Bahaushen da ya zo a rana ta biyu, da kakinsa, daga wajen aiki. Ya tsugunna a bakin ƙofa ya yi mini gaisuwa, yana share ido da hula. Na ce ya shiga ya gaida uwargida, kunya ta hana shi, ya ce a isar masa. Na isar. Ta ce ta gode, ta ci gaba da kallon ƙofa.

Rana ta uku da hantsi na fashe. Ina zagaye falo ina faɗa, ina cewa Kawu ya ci amana, mutumin da ya sha shayi da shi shekara da shekaru, mutumin da ya kira shi abokina, yau shi ne mai cewa a bi a hankali. Na ce tsoron bakin mutane ne kawai, ba wani addini. Na ce daga yau ko gaisuwar salla. Ina tsaka da wannan sai na ji ƙiiii a bayana. Uwargida ce ta jawo kujera daga teburin cin abinci, ta dasa ta a gabana. Ta ce, "Ga wurin Kawu. In ya zo ka ci gaba."

A jana'izar ma, in ji ta, haka aka yi. Tsoho ya bar wasiyya a ajiye kujera a sahun gaba saboda makaniken nan. Bai zo ba, aka tashi kujerar tana nan ba kowa.

Na ɗauki waya. Na ce, "Kawu, ina da ƙara a kanka, kuma an hana ni yi a bayan idonka." Ya ce, "Wa ya hana ka?" Na ce, "'Yarsa." Bayan la'asar sai ga shi shi kaɗai. Ya yi sallama, ya ga kujerar a tsakiyar falo, ya gane ta. Bai hau darduma ba, a kanta ya zauna.

Na ce, "Faɗi naka, Kawu."

Ya ce, "Kai ɗin nan tun kana ƙarami zuciya ke gaba da kai. Ka saka sanarwa ba ka shawarce ni ba. Ka san mutanenmu, in an taru sai wani ya ce a yi addu'a, a ɗaga hannu a ce Allah ya jiƙansa. In na hana a gaban matarka, na tozarta ta. In na yi shiru, na ɗauki abin da ba zan iya amsawa ba gobe ƙiyama. Na ce a bi a hankali don in samo yadda za a yi, sai kowa ya fake da ni ya kwanta a gidansa. Kwana uku ina juyawa, kunya ta hana ni zuwa." Muryarsa ta sauka. "Kana tsammanin ban ji mutuwar mutumin nan ba? Da wa zan ƙara yin musu?"

Na ce, "Na ji naka. Ga nawa. Ba ka ce a zo amma kada a yi addu'a ba, cewa ka yi a bi a hankali, kuma ka san yadda za a fassara. Matar nan ta bar ƙasarta, ta bar danginta, mu ne danginta. Zumunta a ƙafa take, ta yi mana da ƙafarta shekara goma sha shida. Ban yarda an yi mata daidai ba, Kawu, kuma ba zan ce na yarda ba."

Ya ce, "Addu'ar dai ba zan yi ba."

Na ce, "Ban roƙa ba."

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Da a gaban surukina ne a zamanin da, da ya ce mai laifi ne. Ni dai na jira. Can ya ɗago ya ce, "Kira mini 'yata."

Wannan rubutu na yi shi ne don jikokinsa su san ko wane ne kakansu, kada wata rana wani ya sa su sunkuyar da kai in an ambace shi. Na yi shi kuma don ku da ba ku zo ba. Na faɗi nawa, da zafi na faɗa, ban kuma janye ko kalma ɗaya ba. Amma ba zan yanke muku hukunci ba alhali ba kwa nan, tsoho ya hana. Kujerun da na jera ban kwashe ba. Gidan kun san shi, kun ci tuwo a cikinsa.

Uwargida ta fito da hijabinta, ta durƙusa nesa da Kawu yadda ta saba. Kawu ya sauko daga kujerar, dattijo da ciwon gwiwa, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "'Yata, ashe Baba lokaci ya yi. Ya haƙuri?"

Ta buɗe baki. Amsar da ta yi ta maimaitawa tun daga filin jirgi, ta ce, "Haƙuri mun..." Sauran bai fito ba. Kukan da ba ta yi a Amurka ba, ba ta yi a jirgi ba, ba ta yi kwana uku a falon nan ba, shi ya ƙwace mata. Kawu bai ce ta yi shiru ba, ni ma ban ce ba. Muka zauna muka saurare ta har ta gama.